Asabar, aikin madafin tsakar gida

Tun bayan sallar asuba muke kan ginin madafin nan, wallahi yanzu da ƙyar nake riƙe wayar ma. Bazarar Kano dai kowa ya san ta, zafi ya haura digiri 40 kuma a ce ka shiga kicin ɗin cikin gida ka tuƙa tuwo, ga gas ɗin shi ma kuɗinsa ya fi ƙarfin girkin gida mai yawa irin namu, shi ya sa na matsa wa maigida a yi min rumfa a waje da murhun itace.

Ban da ƙusa ba abin da muka saya sabo. Kwanon rufin wanda aka cire daga soro ne bara, duk ramukan tsohuwar ƙusa, ƙanena ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya toshe da kwalta. Jan bulo kuma maƙwabcinmu ne ya rushe katanga ya ce mu kwashe mu rage masa aiki. Azarar giginya tsohuwa ce amma ko gara ba ta taɓa ta ba, sai guntayen rodi da tsohon bututun ƙarfe da maigida ya tsinto a Ƙofar Ruwa wajen masu tsofaffin ƙarafa.

Inda aka ɗan ja shi ne wajen murhun. Maigida so yake a yi da bulon siminti a shafe shi fes ya yi kyau a ido, Baba magini ko ɗago kai bai yi ba ya ce, Alhaji siminti ba ya shiri da wuta, kafin damina ta fita zai tsattsage, jan bulo kuwa dama a wuta aka haife shi. Ni dai bayan Baba nake. Ƙasar tun jiya ya jiƙa ta ta kwana, yau aka zuba ƙaiƙayi da kashin jaki yara suka shiga da ƙafa suna tattakawa, su kam biki ne ya same su. Baki biyu ya yi wa murhun, na gaba na babbar tukunya, na baya na miya, wuta ɗaya ce ke wucewa ta ƙarƙashinsu ta ciki kafin hayaƙin ya bi bututu ya fita ta saman rufi. Tukwanena ya sa aka kawo ya auna bakin da su, wai in rami ya yi wa tukunya faɗi zafin ta gefe yake gudu, itace kawai za ki yi ta ƙonawa 'yata. Bangon kuma gabas ya ba wa baya saboda ta can hadari ke tasowa, yamma aka bari a buɗe.

Inna tana kan tabarma tana kallonmu, ta ce su da duwatsu uku suka yi girkin suna da na biki ba wanda ya kwana da yunwa. Haka ne, amma idon nata da kullum yake ruwa fa?

Ba damar hura wuta sai ya bushe a inuwa, Baba ya ce ko da wasa kar na yi gaggawa, ranar farko ma karan dawa zan fara sa wa kaɗan kaɗan. Saura kantar kwanuka, tsohon ƙyauren banɗaki za a kankare a kafa gobe in kafinta ya cika alkawari. Daren yau garin kwaki kowa ya sha.