Godiya bayan dawowar rediyonmu

Assalamu alaikum.

Alhamdu lillahi. Jiya da ƙarfe tara na dare rediyonmu na intanet mai sa kaɗe-kaɗen gem ya dawo, bayan kwana arba'in da uku yana shiru. Da hannun hagu nake wannan rubutu, na daman har yanzu a naɗe yake, saboda haka wanda na tsallake ya yi mini uzuri. Labarin gobarar da ta ƙone kwamfutar rediyon da hannuna kun riga kun ji, ba zan maimaita ba. Na gaji da ba da shi, kuma duk lokacin da na fara sai ƙaurin wayar wuta ya dawo mini cikin hanci.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne darena na farko a asibiti. Raɗaɗin ƙuna yana nan, amma ba shi ya hana ni barci ba. Wajen ƙarfe uku na shiga lissafin abin da ke cikin kwamfutar nan da ta narke. Kaɗe-kaɗen waje ba su dame ni ba. Tun da David Lloyd ya buɗe OverClocked ReMix, shafin intanet na kaɗe-kaɗen gem, a 1999 kyauta suke bayar da nasu, duk mai data da haƙuri zai sake sauke su. Sai tunanina ya kai kan namu, na marigayi abokina da muka kafa rediyon tare, waɗanda babu su a ko'ina sai a ɗakin nan, har da ajiyar da na yi musu ta biyu, wadda na bari a kan tebur ɗaya da kwamfutar. Nan numfashina ya sarƙe. Na ji kamar a daren aka sake yi mini rasuwarsa.

Waɗanda suka same mu daga baya ba su san yadda abin ya faro ba. Ni da shi a gidan gem na unguwarmu muka tashi, muna haɗa 'yan canjinmu mu buga Street Fighter II a Sega. Ni duka nake nema, shi kuwa kiɗan yake ji. Har gida zai raka ni yana bin sa da baki, ba mu ma san wata 'yar Japan ce, Yoko Shimomura, ta tsara mafi yawansa ba. Shekaru bayan haka a kafe muka gano akwai mutane a duniya da ke ɗaukar kiɗan gem su sake masa riga da jita ko fiyano ko ganga, har kamfanin Capcom ya ba mutanen OverClocked ReMix aikin kiɗan sabon fitowar Street Fighter a 2008. Sannan muka ci karo da Rainwave, rediyon intanet da ke jera wa masu saurare kiɗa uku su zaɓi wanda zai biyo baya. Ranar ya dube ni ya ce, mu me aka fi mu? A 2015 muka kunna namu da tsohuwar kwamfuta da manhajar Icecast ta watsa sauti a intanet, masu saurare huɗu, biyu daga ciki mu ne.

Shi ya kawo kalangu cikin lamarin. Yakan ce na'urar da Koji Kondo ya yi wa kiɗan Mario a 1985 murya biyar kawai take iya fitarwa a lokaci guda, shi ya sa kiɗan ke da sarari, kuma sararin nan na kalangu ne. Sai ya ɗauki karin a fiyano, ya kira mai kalangu da mai gurmi su cike. Ni dai har gobe ban ji wanda ya yi irin nasa ba. Ga kuma shirinsa na daren Juma'a, inda yake hira tsakanin kiɗa da kiɗa, wanda ya yi har makon da ya kwanta a 2021. Duk wannan na ɗauka ya zama toka.

A kwana na tara wata baƙuwar lamba ta kira ni. Direba ne da ke jigila tsakanin Damagaram da Kano, ya ce yana da saƙo. Har gadon asibiti ya kawo, ambulan a cikin leda, an ɗaure da zaren ɗinki. Memori ne guda biyu da 'yar takarda. Wani tela ne a Damagaram, ban taɓa ganinsa ba, sunansa kawai nake gani idan ana zaɓen kiɗa. Ashe saboda tsadar data, kowace Juma'a sai ya kunna rediyon a waya ɗaya ya ɗora ɗayar kusa da ita yana naɗa, don ya riƙa ji a shago sauran mako. Shekara huɗu yana haka. Na sa memorin a waya, sai ga muryar abokina yana sallama, a ƙarƙashinta ƙarar keken ɗinki, can nesa wani yana tambayar ko an gama masa wando. Na kifa kai na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a ranar jana'iza. Direban yana tsaye bai ce komai ba. Da na miƙa masa kuɗin mota ya mayar mini da hannu, ya ce ba a karɓar ladan saƙon jaje.

Malam Tela, ka ce kada in ambace ka, ka gafarce ni, ba zan iya ba. Allah Ya suturta ka duniya da lahira, Ya sa albarka a keken nan, Ya raya maka zuriya. Washegarin sallamata na kai wa Hajiya mahaifiyar marigayi ta ji. Sau uku ta ce a maimaita mata sallamar, sannan ta ɗaga hannu ta daɗe tana yi maka addu'a.

Yaya Babba, kai ka biya kuɗin magani ba ka bari na ga takardar ba. Goggo, kwana goma sha ɗaya kina kan tabarma a baranda. Maman yara, ke kin san abin da kika ɗauka, bakina ba zai iya ba. Maƙwabta da suka yi ta ɗebo yashi, da almajirin da ya fara yin kururuwa, da ma'aikaciyar jinyar dare da ke yi mini sannu kafin ta taɓa ciwon. Yaron nan na Farm Centre da ya kwana uku a kan ƙonanniyar ma'ajiyar, bai samu komai ba, ya kira ni yana ba ni haƙuri kamar shi ya ƙona ta. Ɗan'uwanmu na zangon Kumasi da ya biya hayar saba, wato kwamfutar da ke riƙe rediyon a intanet, ta wata uku. Da ku da kuka yi karo-karo aka sayi kwamfuta, wani dubu ɗaya, wani ɗari biyar. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya tsare ku daga wuta ta nan da ta gobe, Ya jiƙan iyayenku, Ya sa kada ku ga rana irin wadda na gani. Shi kuma marigayi Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe masa kurakuransa.

Akwai 'yan'uwa na jini da tsakaninmu bai fi tafiyar minti goma ba, har yau ko a waya ban ji su ba. An ce wani ya ce ai kayan wasan yara ne suka ƙone. Hannun da ya ƙone dai ba na wasa ba ne. Ban riƙe kowa ba, amma abin ya yi mini ciwo.

A yanzu rediyon zai riƙa aiki daga takwas na dare zuwa sha biyu, sai mun samu batir. Zaɓen kiɗa bai dawo ba tukuna, ku ƙara haƙuri. Juma'ar nan za mu sa shirin farko daga memorin, da ƙarar keken da komai, ba zan goge ta ba. Na 2015 da 2016 ne babu a ciki. Wanda ya taɓa naɗar wani abu a shekarun nan, ko na minti biyu ne, don Allah ya duba tsofaffin wayoyinsa.