Ɗan ƙaramin amf ɗin nan zai faɗo, ni ya taɓa faɗo min

Daren Asabar a wajen wata dina ta wajen Zoo Road na ga yaron da ke taya ni haɗa kaya ya ɗauki ɗan ƙaramin amf ɗin bes, wato na'urar da ke ƙara wa jitar bes ƙarfin sauti, ya ɗora a kan akwatin sifika, ya jona waya, ya koma gefe yana danna waya abinsa. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don abin da na yi kenan da hannuna shekarun baya.

Lokacin ina da tsohon amf mai taransifoma a ciki, sai mutum biyu ke ɗaga shi cikin mota, bayana har ciwo yake. Da na ga irin sababbin nan na class D a Sabon Gari waɗanda ba su wuce kilo 2 ba sai na sayar da nawa na saya, kuma har yau ban ce na yi kuskuren saye ba, sautinsa ya yi. Abin da ban lissafa ba shi ne wancan nauyinsa ne ke riƙe shi. Tsirkiyar E ta jitar bes, mai kaurin nan, tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, duk katakon akwatin rawa yake, shi kuma ɗan amf ɗin sai ya dinga matsawa kaɗan-kaɗan, tafiyar hawainiya, ba ka gani, ga ƙurar hunturu ta sa saman akwatin santsi ga nauyin wayar sifika na jan sa ta baya. Ran nan a wajen wani biki, daidai shigowar amarya ya faɗo. Bakin jak, inda ake jona waya, ya karye ya tsaga allon lantarki na ciki, bes ya ɗauke ɗif, kowa ya juyo. Abin da ya fi damuna har yanzu ba kuɗin gyaran ba ne, yaron da ke tare da ni a lokacin na rufe da faɗa gaban jama'a na ce shi ya taka waya, alhali ko kusa da wajen bai je ba. Bai ƙara dawowa aiki ba. To amma fa ba wanda ya taɓa gaya min, mai shagon ma bai ce komai ba, kuma ƙafafun da suka saka masa roba ce mai tauri kamar filastik. Duk da haka dai ni na ɗora shi.

Bayan gyara na ɗora masa bulo a kai, na toshe hanyar iska, ya yi zafi ya kashe kansa ana tsakiyar kiɗa. Na shimfiɗa tawul a ƙasa, ya ƙara santsi.

Na so in jero muku abubuwa da yawa amma na san ba karantawa za ku yi ba, yaran yanzu ana magana ido na kan TikTok. Ka je wajen mai faci ka karɓi tsohon tyub na mota, ka yanka faffaɗa, ka goge ƙura ka shimfiɗa a ƙarƙashinsa. Ka yanka wata doguwa irin wadda 'yan kura ke ɗaure kaya da ita ka zagaye amf ɗin da akwatin, kar ta bi ta kan fanka. Wayar jita da ta sifika ka zura su ta hannun akwatin tukuna, ko an taka ba amf ɗin za ta ja ba.

Kai, gaskiya ma kar ka ɗora shi a kai sam. Samu kujera ko benci ka ajiye a gefe. Na san za ku ce bai yi kyau a hoto ba, ni ma ina ɗorawa in wuri ya yi ƙunci, amma a ɗaure.

Shi yaron na Asabar na kira shi na ce Auta zo ka sa hannunka a kan akwatin nan in mai jita ya buga. Ya sa, ya ɗago ya ce Oga ai motsi yake. Na miƙa masa robar, ya ɗaure da kansa.