Gardamar masu jitar bes a shagon Kawu

Asabar, bayan sallar isha'i.

Har yanzu ina jin amon nan a ƙirjina, shi ya sa na ce bari in rubuta kafin barci ya ɗauke ni.

Da hantsi na kai wa Kawu amfilifayata da ta kwana biyu tana gurnani. Na tarar da shi a zaune kamar kullum, tabarau a kan hanci, yana narka dalma a kan wani allon rediyo, hayaƙin yana tashi siriri. Ƙanena ma yana can, ya kawo makirfo gyara. Shi fiyano yake bugawa a wani situdiyo nan Kaduna, kuma a wurinsu bes, wato amo mai kauri da ke ƙarƙashin kiɗa, maɓalli ne da ake dannawa da hannun hagu. Ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo min wayarsa.

"Yaya, duba wannan son kai."

Jerin da mujallar Rolling Stone ta fitar ne a 2020, gwanayen jitar bes hamsin na duniya. James Jamerson aka sa a sama. Abin da ya ɓata masa rai shi ne ba Jaco Pastorius ne na ɗaya ba. Ya kunna mana Jamerson a wayar, ya ce mu faɗa masa tsakani da Allah me muka ji na ban mamaki. Gaskiya ba mu ji komai ba sai muryar mawaƙi da ƙarar tasoshi.

Kawu bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Kashe wannan abin, ɗana. Waya ba ta da cikin da za ta ɗauki bes." Ya ajiye ƙarfensa ya yi mana bayani. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes, in aka kaɗa ta ba a danne ba, sau 41 take girgiza a daƙiƙa guda. Kafin kunne ya ji irin wannan amo sai an tura iska mai yawa, lasifikar waya kuwa ba ta wuce farce ba. Ya jawo wani babban akwatin lasifika mai inci 15 da ya gama gyarawa jiya, ya jona wayar.

Wallahi kamar wani ne ya shigo shagon. Akwai murfin gwangwani cike da ƙananan kusoshi a kan akwatin, sai ga su suna tsalle ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora tafin hannuna a jikin katakon, ina jin kowane bugu yana hawa har gwiwar hannu. Faifan Marvin Gaye ne na 1971, What's Going On. Na sha jinsa, amma yau ne na lura yadda bes ɗin ke tafiya a ƙarƙashin murya. Ba ya maimaita abu ɗaya. Ya yi gaba, ya ɗan tsaya, ya zagayo ta wata hanya, kuma duk inda mawaƙin zai sauke numfashi sai ka same shi can yana jira. Ko sau ɗaya bai tare wa murya hanya ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai game da Jamerson, mai bes ɗin wannan waƙa, da yatsa ɗaya yake yin duk wannan, manuniya kawai. Ya saba da hakan ne tun yana kaɗa babban bes na katako, wanda ake tsayarwa a ƙasa, kafin ya koma jitar bes ta Fender mai lantarki. Shekara da shekaru yana ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin faifai na Motown a Detroit, waƙoƙi suna fita suna cin kasuwa a Amurka da Ingila, ba a rubuta sunan makaɗa a jikin faifai. Sai a wannan faifan na 1971 aka buga sunayensu. Ya rasu a 1983 yana da shekara 47, galibin masu rawa da kiɗansa ba su san da shi ba.

Ƙanena ya ce ya ji, amma a saka Jaco. Aka saka. Ba zan rage wa Jaco komai ba. Mutumin da ya cire ƙarafunan da ke jere a wuyan jitarsa ya shafe wurin da ƙaro, har ta riƙa zamewa daga amo zuwa amo kamar muryar mutum, ba a yi masa kallon wasa. Daga 1976, shekarar da ya fitar da faifansa na farko kuma ya shiga ƙungiyar Weather Report, masu bes suka san za su iya tsayawa a gaban dandali. Ƙanena ya kawo hujja mai ƙarfi: Richard Bona na Kamaru, wanda aka haifa a Minta a 1967, jita yake kaɗawa a Duwala har ranar da ya ji faifan Jaco, daga nan ya koma bes. Wanda kiɗansa ya tsallaka teku ya sauya wa yaro ɗan Afirka hanya, ai ba ƙaramin mutum ba ne. Ƙarshen Jaco kuma yana taɓa ni, dukan da aka yi masa a ƙofar wani gidan rawa a Florida ne ajalinsa a 1987, yana da shekara 35 kacal.

Duk da haka ban ba shi na ɗaya ba. In Jaco yana kaɗawa, shi nake saurare, sauran makaɗan sai su koma 'yan rakiya. Ni kuwa abin da nake nema a wurin mai bes shi ne ya zama gindin kiɗa, ya ɗauki nauyin kowa.

A nan Kawu ya shigo da nasa. Shi ba ya haɗa kowa da Aston Barrett, wanda ake kira Family Man, mai bes na Bob Marley. Ya tuna mana zamanin kaset, lokacin da rege ya cika shagunan Kaduna da Jos, ya ce su a lokacin ba su san sunansa ba, amma shi suke bi da kafaɗa. Ya nemo waƙa ɗaya ya ce kada mu saurari inda ya buga, mu saurari inda ya bari. Haka ne kuwa. Sai ya yi bugu uku ko huɗu masu nauyi, ya ɗauke hannu, ya bar wurin fayau, ƙaninsa Carlton ya sauke ganga a cikin ramin. Kusoshin nan na murfin gwangwani su yi tsalle, su kwanta, su sake tashi. Kawu ya ce, "Kun ji ko? Shiru ma magana ce." Family Man ne kuma ya koya wa Robbie Shakespeare, wani gwanin bes na rege. Da na gaya wa Kawu cewa Family Man ya rasu a Fabrairun 2024, ya daɗe bai ce komai ba. Ashe labarin bai iso shi ba.

Sauran mun bi ta kansu da sauri don azahar ta gabato. Larry Graham, wanda ya fara marin tsirkiya da babban yatsa saboda yana kiɗa da mahaifiyarsa ba su da mai ganga. Bootsy Collins, da ya shiga ƙungiyar James Brown yana ɗan shekara 18, ya zo Legas da su a 1970 har ya je ya kalli Fela da makaɗansa. Carol Kaye, macen da ta ɗauki bes a 1963 don wanda aka gayyata bai zo ba, ta ƙare da hannu a dubban waƙoƙi. Charles Mingus na ce a ware shi gefe, don shi mai tsara kiɗa ne kafin komai, awonsa da mudu daban ake yi.

Nawa jerin dai ga shi: Jamerson, sai Family Man, sai Jaco, sai Carol Kaye. Kawu ya ce na juya na farko da na biyu. Ƙanena bai ce uffan ba, kuma na san dalili. Maganar rashin suna a jikin faifai ce ta tsaya masa. Shi ma yakan kwana yana haɗa kiɗa, waƙa ta fita ta zaga gidajen biki, wani lokaci mawaƙi ya ambace shi a baiti ɗaya, wani lokaci ko hakan babu. Ya ce a maimaita masa Jamerson. Aka maimaita, ya tsuguna ya manna kunne a jikin akwatin har waƙar ta ƙare. Ana shirin sakawa karo na uku aka ɗauke wuta.

A hanyar dawowa, muna kan babur, ya ce, "Yaya, tsohuwar bes ɗinka tana nan?" Na ce tana bayan sif, amma siririyar tsirkiyar ta tsinke tun bara. Ya ce ukun sun ishe shi. Bayan magariba ya zo ya ɗauka, na goge mata ƙura na nuna masa yadda ake kafa babban yatsa a kaɗa da manuniya. Amfilifayar kuma Kawu ya ce sai Talata.