Dodon da ya yi yawo da rana tsaka

Ni dai tun tasowata ba na sha'awar fim ɗin da za a tashi kowa na murmushi. A ba ni tsohon fim mai duhu, wanda hotonsa ke rawa, 'yan wasansa duk sun daɗe a ƙasa, babu mai furta ko kalma, sai inuwa tana bin bango. Abokaina sun daɗe da yanke hukuncin cewa akwai motsi a kaina, kuma ban taɓa musu da su ba. Abin da na yi ta roƙo shi ne su ba ni dare ɗaya tak su zauna su kalli Nosferatu, fim ɗin da F. W. Murnau ya shirya a Jamus a 1922. In ya so bayan nan su ci gaba da tsokanata, na yafe.

Na sha wuya kafin su yarda. Da suka yarda kuwa, faifai ɗaya ya wargaza komai, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Faifan sabo ne fil, bangonsa gwanin kyau, an rubuta wai cikakken fim ne da aka tsabtace. Tun daga minti na farko na ji abin bai zauna ba. Wani kiɗan fiyano ne mai tsalle-tsalle yake ta maimaita kansa, ba ruwansa da abin da ke faruwa a majigi. Ana ban kwana da kuka, shi yana ta annashuwa. Mutane kuma duk sauri suke yi, hannu na fizga, kai na kaɗawa. Na daure, na ce a raina bari dai Orlok, dodon fim ɗin mai shan jini, ya fito, zai yi maganinsu.

Ya fito. Jirgin ruwa ya iso garin Wisborg babu mai rai a cikinsa sai ɓeraye, Orlok ya sauko riƙe da akwatin gawarsa a hammata, ya ratsa garin shi kaɗai. A kwafin da na sani shekarun baya, wannan wuri tsakar dare ne, kuma tsikar jiki tashi take yi. A wannan faifan kuwa gari fari tas, rana kwal, ga wani dogon mutum mai sanƙo da kunnuwa falo-falo yana ta sauri da akwati. Sai ɗaya daga cikin abokaina ya ce, "Mutumina, wannan dodo ne ko ɗan dako?" Ɗaki ya ɗauki dariya. Daga nan ba a sake dawowa ba. Duk abin da Max Schreck, ɗan wasan da ya fito a Orlok, ya yi da dogayen faratansa, dariya ake yi.

Abin da ya fi ƙona min rai ya zo a ƙarshe. Zakara ya yi cara, rana ta ɓullo ta taga, Orlok ya dafe ƙirji ya ɓace. Wani cikinsu, wanda ma shi ne ya fi kowa natsuwa a daren, ya juyo ya tambaye ni tsakani da Allah: "To malam, ranar ɗazu da ya yi ta yawo a cikinta da akwati, ita ba ta ƙuna ne?" Tambayarsa daidai take. A abin da aka nuna masa, labarin ba shi da kai.

Ga abin da aka sace mana. A 1922 fim ɗin da ake sakawa a kyamara ba ya iya ɗaukar hoto cikin duhun dare a fili, don haka da rana ake ɗaukar daren. Bayan an wanke hoton sai a tsoma shi cikin rini: shuɗi na nufin dare, ruwan ɗorawa na nufin rana ko hasken fitila, ruwan hoda kuma ketowar alfijir. 'Yan kallo na wancan zamani suna karanta launin nan ba tare da an yi musu bayani ba. In aka kwafi fim ɗin a baƙi da fari zalla, rinin ya tafi, dare ya tafi tare da shi. Kuma a wannan fim musamman asarar ba ƙarama ba ce. A littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, inda aka ɗauko labarin fim ɗin, mai shan jinin yana yawo a Landan da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Mutuwa da hasken rana daga Nosferatu ta samo asali, sauran finafinai suka gada. Wato abu guda da fim ɗin ya ƙara wa duniya, shi ne faifan nan ya mayar shirme.

Saurin ma da dalilinsa. Da hannu ake murza kyamarorin wancan lokaci, kuma Nosferatu yana daidaita ne a kan hotuna kusan 18 a kowace daƙiƙa. Da fim mai magana ya shigo a ƙarshen shekarun 1920, sai aka tsayar da 24. Duk wanda ya kwafi tsohon fim a kan 24 ba tare da gyara ba ya ƙara masa sulusin gudu. Ƙarfin Orlok kuwa duk a rashin gaggawarsa yake. Tasowa yake yi daga akwati a sandare, tafiya yake yi sululu domin ya san ba inda za ka tsere. Ka ƙara masa sauri, ka mayar da shi ɗan wasan barkwanci. Shi ya sa tsawon fim ɗin yake bambanta tsakanin kwafi da kwafi, daga minti 63 har zuwa 94.

Me ya sa ɓatattun kwafi suka yi yawa haka? Fim ɗin kansa da ƙyar ya sha. Kamfanin Prana Film, wanda ya shirya shi, ya ɗauki labarin Stoker ba izini, ya canza sunaye, ya mayar da shi Jamus ta 1838. Florence Stoker, matar marigayin, ta kai ƙara, a 1925 kotu ta ba da umarnin a lalata duk kwafin. Kamfanin ma ya karye, wannan ne fim ɗinsa na farko kuma na ƙarshe. Abin da ya tsira shi ne kwafin da suka riga suka watsu zuwa wasu ƙasashe, wasu a yanke, wasu ba rini, wasu an sauya rubutun da ke fitowa tsakanin hotuna. Yanzu kuma da babu mai haƙƙin ainihin fim ɗin, kowa na iya ɗauko mafi lalacewa, ya liƙa masa kowane kiɗa ya samu, ya sa a kwali mai sheƙi. Raini ne, ba wani abu ba. Sun ɗauka mai son irin waɗannan finafinai ba ya bambance komai, tunda ai abin da yake so ɗin ma hauka ne.

Yanzu kafin in gayyaci kowa, ko mutum ɗaya ne, sai na tsallaka kai tsaye zuwa wurin akwatin nan. In gari shuɗi ne, mu je. In fari ne, na rufe ke nan, ko wa ya buga shi. Ina duba tsawonsa ya kai wajen awa ɗaya da rabi, ina kuma duba sunaye: Orlok da Hutter da matarsa Ellen ne na asali, in ka ga Dracula da Harker na littafin Stoker a rubutun to jikan wani tsohon kwafi ne da aka yi wa kwaskwarima. Wanda na dogara da shi shi ne gyaran da Luciano Berriatúa ya yi wa Gidauniyar Murnau a wajen 2006, da rininsa, da kiɗan Hans Erdmann da aka sake haɗawa daga abin da ya saura na wanda aka kaɗa a Balin ranar buɗewa. In kwafin hotonsa mai kyau ne amma kiɗan banza, gara a kashe sautin gaba ɗaya. Na gwada, ya fi.

Haka nake yi da sauran 'yan'uwansa. The Cabinet of Dr. Caligari na 1920, mai karkatattun gidajen da aka zana da fenti, shi ma da rini ya fito, shi ma ana yawo da shi fari fat a intanet. Duk dai wurin akwatin nan ne ya koya min duba launi kafin suna.

Na sake kiran zama da kwafin kirki. Wasu sun zo, kuma da inuwar nan ta fara hawa matakala zuwa ɗakin Ellen babu wanda ya yi tari. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma waɗanda na fi so su gani ba su dawo ba. A wurinsu sun riga sun kalli Nosferatu, sun yi dariyarsu, magana ta ƙare, kuma ba a kallon fim karon farko sau biyu. Mai maganar ɗan dako har yanzu da sunan yake kirana.

Na rubuta wa kamfanin da ya buga faifan doguwar wasiƙa, na zayyana musu rini, da gudu, da kiɗa. Amsarsu layi biyu ce: in faifan yana kunnuwa, hoto na fita, sauti na fita, to ba shi da matsala.