Titin Central, inda Roy Milton ya yi waƙa daga bayan ganguna

Daga tsakiyar birnin Los Angeles na hau bas mai lamba 53, wadda take bin Titin Central ta yi kudu. Da katin TAP ake biya, kuma gara mutum ya zuba masa kuɗi tun a tashar jirgin ƙasa. Bas ɗin ta ratsa unguwar rumbunan kaya, sannan muka shiga cikin gidaje da shagunan taya da wuraren cin abinci. Yawancin allunan shagunan yanzu da Sifaniyanci aka rubuta su. Na sauka kusa da titi na 42, a gaban otal ɗin Dunbar.

Labarin Roy Milton, makaɗin ganguna kuma mawaƙi, shi ne ya kawo ni. An haife shi a Wynnewood ta jihar Oklahoma a 1907, ya tashi a Tulsa, ya shiga ƙungiyar Ernie Fields a matsayin mawaƙi, daga baya ya hau kan ganguna. A 1933 ya koma Los Angeles ya kafa ƙungiyarsa mai suna Solid Senders. Bai ajiye ko ɗaya daga cikin sana'o'in biyu ba: yana zaune yana kiɗa, yana waƙa, kuma shi ne shugaba.

Otal ɗin ginin bulo ne na 1928. Wani likitan haƙori baƙar fata, John Somerville, ya gina shi saboda otal-otal na fararen fata ba sa karɓar baƙaƙe. Manyan makaɗa da mawaƙa irin su Duke Ellington da Count Basie da Billie Holiday duk nan suke sauka a da. Yau gidan tsofaffi ne, don haka mai ziyara ya tsaya a waje, kada ya kutsa wa mutane. A gefensa ne gidan rawa na Club Alabam yake a da, amma babu shi yanzu. Tsallaken titi akwai ɗan filin shaƙatawa da aka keɓe don tunawa da kiɗan jaz, kuma a wannan yanki ake yin bikin kiɗa na shekara-shekara tun 1996. A binciki ranarsa kafin a yanki tikiti.

A bikin na nemi wuri a gefen dandamali, domin daga gaba ba a ganin ƙafafun makaɗi. Wani matashi ne ke kan ganguna yana waƙa irin ta zamanin Milton, kuma a nan na ga nauyin aikin. Ƙafar dama tana taɓa babbar gangar ƙasa sau huɗu a kowace gaɓa (wato zagaye ɗaya na bugu huɗu), a hankali, yadda ƙirji zai ji fiye da kunne. Ƙafar hagu tana haɗa farantan tagulla biyu a bugu na 2 da na 4. Hannun dama yana yin tsalle-tsallen da suke kira shafil, dogon bugu da gajere a jere, hagu kuma yana sauke nauyi a kan ƙaramar ganga mai wayoyi a gindi, shi ma a 2 da 4. Kowane baiti gaɓa 12 ne. Duk wannan yana tafiya kafin a buɗe baki. Masu kotso a ƙasar Hausa su ma suna kiɗa suna amshi, sai dai su hannu ne da baki, nan kuwa har ƙafafu biyu suna da nasu aikin.

Matsalar farko numfashi ce. Wanda yake zaune ya sunkuya kan ganga yana matse cikinsa, iska ba ta isar dogon layi. Shi ya sa matashin ya ɗaga kujerarsa har cinyoyinsa suka ɗan gangara ƙasa, bayansa a miƙe. Ta biyu ta fi wuya. Mawaƙin bulus, wato irin wannan salon waƙa ta baƙaƙen Amurka, yana jan kalma ya bar ta ta makara kaɗan a bayan bugu, daɗin waƙar ke nan. Idan hannu ya bi baki, kiɗan ya yi sanyi, masu rawa su rikice. Idan waƙa ta yi zafi kuma, hannu ya kan yi gaggawa. Maganin shi ne a sauƙaƙa kiɗan yayin da ake rera layi, a ajiye gwaninta sai inda murya ta huta. Ta uku makirufo ce. An kawo ta daga gefen kafaɗarsa a kan sanda mai lanƙwasa don kada ta tare hannu, dab da leɓensa. Ya ɗan kauce mata, sai ƙarar tagulla ta rufe muryar. A waƙoƙi masu sanyi ya kan ajiye sanduna ya ɗauki burushin waya.

A zamanin Milton wannan matsala ta fi tsanani. Kai tsaye ake yanka sauti a kan faifai mai juyi 78 a minti ɗaya, kowane gefe kusan minti 3, babu damar ɗaukar ganga daban murya daban. A haka ya yi “R.M. Blues” a ƙarshen 1945 wa Art Rupe, wanda ya kafa kamfanin faifai na Specialty. Faifan ya kai na 2 a jerin waƙoƙin baƙaƙen Amurka a 1946. Camille Howard ce a kan fiyano, kuma a ganina rabin ƙarfin ƙungiyar a hannunta yake, domin hagunta yana riƙe tafiyar kiɗan duk lokacin da Milton ya ba murya hankalinsa.

Kuɗi ma sun taimaka wa irin wannan ƙungiya. Lokacin yaƙin duniya na biyu an taƙaita mai da taya, an kwashi makaɗa soja, kuma a 1944 gwamnati ta ɗora harajin kashi 30 cikin ɗari a kan gidajen rawa, kafin ta rage shi zuwa 20. Ƙungiya mai mutum 16 ta gagari masu gidaje. Mutum shida ko bakwai, da masu busa biyu ko uku suna maimaita gajeriyar jimla, sun isa su cika fili. Makaɗin da yake waƙa kuwa ya rage albashin mutum guda.

Daga nan na taka zuwa mahaɗar Titin Vernon, inda John Dolphin ya buɗe shagon faifai a 1948. Tafiyar ba ta da nisa, amma inuwa ta yi ƙaranci, a riƙe ruwa. A shekarar ce kotun ƙoli ta hana kotuna tilasta yarjejeniyoyin da ke hana baƙaƙe sayen gida a wasu unguwanni, a 1953 kuma ƙungiyar ƙwadago ta makaɗa baƙaƙe a Los Angeles ta haɗe da ta farare. Hanya ta buɗe, masu hali suka watsu, gidajen rawan Central suka riƙa rufewa.

Milton ya bar Specialty a 1955, lokacin da kiɗan rok ya janye matasa. Ya ci gaba da yawon wasa, ya fito tare da makaɗi Johnny Otis a bikin jaz na Monterey a 1970, daga baya ya je Turai. Ya rasu a Los Angeles ranar 18 ga Satumba, 1983, bayan fiye da shekara 50 a sana'ar.