Mutum guda da gwangwanin kifi

Jiya da marece ina zaune wurin mai shayi nan Tudun Wada cikin Gusau, wani yaro ya kunna Ɗan Maraya Jos a wayarshi, wallahi sai da na aje kofi. Muryar nan ta maida ni cikin motar babanmu, lokacin yana jigila tsakanin Gusau da Funtua, kaset guda ne ke gare shi kuma shi za a yi ta juyawa har a kai, in ya cinye zare a sa biro a naɗe.

Mu nan Zamfara mun saba makaɗi ya zo da rundunarshi. Dubi Musa Ɗanƙwairo na Maradun, ga kotso ga 'yan amshi, ya jefa su cafe, abin gwanin daɗi. To shi wanga bawan Allah shi kaɗai zai tsaya gaban jama'a, ba ɗan amshi ba ɗan ma'abba, sai kuntigi, wanda in ka duba gwangwanin kifi ne anka rufe da fata anka ɗaura mai tsirkiya guda. Shi ke nan kayan aikin.

Ni fa har yau ban yarda mawaƙi kawai ne ba, ɗan wasan kwaikwayo ne da ya ƙi ɗaukar abokan wasa. Saurari Jawabin Aure ka ji, shi ne mijin shi ne matar, ya ƙanƙance murya ya yi tsiwa irin ta mace da ranta ya ɓaci, nan take ya sauko ya yi ta maigida mai borin kunya, kuma duk wannan hannunshi bai bar tsirkiya ba, kai da kake saurare sai ka rantse kana laɓe bayan zana kana jin rigimar maƙwabta. Innarmu in anka zo wurin nan dariya take har da hawaye, ta ce Malam ka ji ka ko? Baba ya yi kamar hanya yake kallo.

Sunanshi na yanka Adamu Wayya, an haife shi a Bukuru kusa da Jos a 1946, iyayenshi sun rasu tun yana ƙarami, can sunan ya samo asali. Wataƙila shi ya sa idonshi ke kan waɗanda ba a kallo. Wa ya taɓa tunanin yaron mota, mai kwana tasha da riga duk baƙin mai, zai samu waƙa tashi ta kanshi? Yaran motar babanmu in anka sa waƙar Karen Mota har wani ƙara gyara zama suke saman kaya. Daga baya Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, mai gwangwanin kifi ya zama dakta.

Yanzu masu barkwanci sun cika TikTok, mutum guda ya ɗaura ɗankwali ya zama mata, ya cire ya zama miji, a yanka bidiyo a haɗa. Ba laifi, wasu na ban dariya. Amma shi ba ɗankwali ba yanka, a gaban mutane yake yi da numfashi guda.

Ya rasu ran 20 ga Yuni 2015, farkon azumi ne. Allah ya jiƙanshi. Na ce ma yaron nan na wurin mai shayi ya turo man waƙoƙin, ya ce Baba sai dai ka sayo data.