Ƙarar Birki Ba Ƙura Ba Ce

Ranar Juma'ar da ta gabata ɗan ƙanena ya ɗauko ni daga unguwar Birni zuwa Kasuwar Dole a Damagaram a tsohuwar Corolla ɗinsa, kuma duk lokacin da ya taka birki sai ƙarfe ya yi ƙara. Na ce masa plaket ɗinsa, wato takalman birki, sun cinye. Ya ce, "Baffa, ƙura ce kawai," ya ƙara muryar rediyo.

Wannan maganar ni na riga shi faɗinta. Lokacin da nake da Peugeot 504 na yi wata huɗu ina jin irin wannan ƙara ina ɗora wa hunturu laifi. Ba ganganci ne zalla ba, domin ƙurar Damagaram takan sa birki kuka, ga kuɗin makarantar yara, ga hatsi ya yi tsada a shekarar. Amma a raina na san gaskiya. Da na je garaji ma, na matsa wa makaniki ya canza na ɓangaren dama kaɗai, ya faɗa mini biyu ake canzawa tare, na ɗauka cinikinsa yake nema. Wata yamma a hanyar Mirya amalanken jaki ya ratso kwalta, na taka, motar ta fizge gefe guda, na tsaya saura taki ɗaya tsakanina da yaron da ke kai. Har yau ina ganin idanunsa. Da aka kwance taya, plaket ɗin hagu ya zama ƙarfe tsirara, ya yi wa diski, wato faifan ƙarfen da plaket ke matsewa, zane mai zurfin da farce ke maƙalewa a ciki, dole na sayi diski biyu.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma yaran yanzu ba ku da haƙurin sauraro, kuna sayen fitilu masu launi alhali ba ku taɓa leƙa bayan taya ba. Idan naman plaket ya sauko milimita 3, a canza hagu da dama tare. Mafi ƙarancin kaurin diski a rubuce yake a jikinsa, a auna, kada a yi kirdado. Kada ku sayi plaket mai arha, ko da yake mai arhar ma ya fi ƙarfe a kan ƙarfe idan aljihu ya gaza. Bayan an ɗaura, ku taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin mota ta motsa.

Shi kuwa ɗan ƙanen nawa, na karɓe makullinsa, gobe da safe ni zan kai motar garaji.